Hoton tsuntsu da ƙwaro: aikin da waya ke yi ma manomi



Cikin watan Agusta munka hita Gesheme da sassahe, munka bi gonakin Dallol Mawri. Hatsi ya hidda kai. Ba mu ɗauki hauya ba, waya kaɗai ke hannunmu. Da can, mai son hoto sai ya jira ranar kasuwa. Yau ko yaro mai kiwon awaki yana iya ɗaukar hoto.

Shamuwa munka soma gani, guda shida, suna bin ciyawa suna tsintar hwara. Kowa ya san zuwanta alamar ruwa ne. In damana ta wuce, sai ta tashi ta nuhi gabas da kudancin Afirika. Ɗaukar hotonta ba wuya, don ta saba da mutane. Ka ba rana baya, ka tsaya cik, ka bari ita ta matso. Balbela ta hi sauƙi: bi shanu, za ka same ta. Janbaki kuwa ya ba mu wahala. Ƙarami ne, ba ya zama. Wanda ya ga inda garkensu ke kwana, ya ɗauki hoton itatuwan da magariba, ya kai ma malamin gona. Wannan ya hi hoton tsuntsu guda amfani.

Amma inda munka daɗe shi ne gindin hatsi. Mai gonar ya nuna muna zangarniya da wani layi ya naɗe ta kamar igiya. Wannan aikin murzuna ne. Uwarta, wani ɗan malam-buɗe-littahi mai tashi da dare, tana aje ƙwai bisa zangarniya sabuwar hita. Tsutsar ta shiga ciki tana yanke huren, ƙwaya ba ta samuwa. In ta ƙoshi ta sauka cikin ƙasa, ta kwanta har damana mai zuwa. Ɓarnarta ta yi ƙarhi a ƙasashenmu tun bayan hwarin 1972 zuwa 1974.

Mai gonar ya ce: «Malam, gobe zan sayo magani in hesa.» Munka ce: «Baba, dakata.» Tsutsar tana ɓoye cikin zangarniya, magani da wuya ya kai gare ta. Kuɗi su tahi, kuma a kashe mai taimako. Akwai wata ƴar zanzaro, ba ta kai ƙwayar shinkahwa ba, mai harbin murzuna ta yi ƙwai bisa jikinta. Masu binciken noma na INRAN a Maraɗi suna kiwonta, ana sa ta cikin ƴan buhunnan garara, a rataye kusa da gonaki. In kun ɓare zangarniya kunka ga tsutsa ta mutu ta yi baƙi, ku ɗauki hotonta, mai yiwuwa zanzaron na gonarku.

Ga yadda munka yi. Da sahe ƙwaro bai yi zahi ba, ba ya gudu. Goge idon waya da bakin riga. Aje tsinken ashana kusa da ƙwaron don a gane girmansa. Ɗauki uku: ƙwaron, ɓarnar, da gonar gaba ɗaya. Hotunanmu na hwarko duk sun yi dishi-dishi, don hannu na rawa. Sai da munka dogara gwiwar hannu bisa gwiwa.

Hwara ma a duba launinta. Hwarar ɗango, irin wadda ta shigo Nijar a 2004, ja-ja take in ba ta balaga ba, in ta balaga ta koma rawaya. Wanda ya ga irinta da yawa kada ya kwana da labarin.

A 2017 ƙungiyar RECA ta buɗe layin waya inda manomi ke aika hoto da murya ta WhatsApp, da Hausa ko Zabarmanci, a ba shi shawara. Malamin gona na Tibiri ko Dogon Dutsi yana iya ba ku lambar. Ku hwaɗi sunan garinku da ranar da kunka ɗauki hoton.