Kokawar tsaye da ta ƙasa: mene ne bambancinsu?

Horon wasannin kokawa irin su judo da jiu-jitsu na Brazil ya kasu gida biyu: dabarun tsaye da dabarun ƙasa. A tsaye, ɗan wasa yana kama rigar abokin karawa, ya rinjaye shi har ƙafarsa ta daina riƙe ƙasa sosai, sannan ya taɗe shi ko ya ɗauke shi a kugu ya maka shi. Shi ya sa darasin farko a judo, wadda Jigoro Kano ya kafa a Japan a 1882, shi ne koyon faɗuwa: a sunkuyar da haɓa kan ƙirji, a bugi tabarma da hannu domin kada kai ya bugu.

A kokawar gargajiya, wadda Nijar ke shirya wa gasar Takobi tun 1975, da mutum ya sha ƙasa an gama. A judo kuwa, in kayen bai cika ba sai a ci gaba a kwance. Wanda ya danne abokinsa rigingine na daƙiƙa 20 ya ci, haka wanda ya shaƙe shi ko ya lanƙwasa masa gwiwar hannu har ya bubbuga tabarma, alamar ya sallama.

Jiu-jitsu ya fi ba ƙasa muhimmanci. Da shi Royce Gracie ya doke waɗanda suka fi shi jiki a gasar UFC ta farko a 1993. Sai dai kowace karawa a tsaye take farawa, don haka mai koyo yana buƙatar ɓangarorin biyu.