Jinyar Sabuwar Gwiwa: Abin Da Na Gani Cikin Wata Takwas

Rayuwar Bahaushe a kan gwiwa take. Da ita muke durƙusawa mu gaida manya, da ita muke zama kan tabarma mu ci tuwo, da ita muke tsuguno a bayi, da ita kuma muke kai goshi ƙasa sau da yawa a kowace rana. Shi ya sa idan gwiwa ta lalace, ba tafiya kaɗai mutum yake rasawa ba, har zamansa cikin jama'a yakan taɓu.

Ni malamin makaranta ne mai ritaya, shekaruna 64, kuma yau wata takwas ke nan da aka sauya mini gwiwar dama. Tun da na fara fita, tambayoyi biyu ake yawan yi mini: "Akwai zafi?" da kuma "Kwalliya ta biya kuɗin sabulu?" Amsar duka biyun ita ce e. Sai dai tsakanin amsar farko da ta biyu akwai tafiya mai nisa, kuma ita nake so in bayyana wa mai karatu. Na lura iyalai kan tanadi kuɗin aiki da addu'a, amma ba kasafai ake tanadar wa makonnin da ke biye da aikin komai ba.

Bari mu fara da aikin kansa. A gwiwa ƙasusuwa uku ne suka haɗu: ƙashin cinya, ƙashin ƙwauri, da ƙoƙon gwiwa. Bakin kowannensu na lulluɓe da guringuntsi mai santsi, wanda ke hana ƙashi gugar ƙashi. Idan amosanin gaɓɓai ya cinye guringuntsin, sai ƙashi ya koma gugar ɗan'uwansa, ƙafa ta fara gwamewa, tashi daga zaune ya zama aiki. Abin da likitan ƙashi yake yi shi ne ya yanke bakin ƙasusuwan da suka zaizaye, ya ɗora musu murfin ƙarfe, ya sanya wata roba mai tauri a tsakani ta maye gurbin guringuntsin. Aikin kan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, kuma galibi allurar baya ake yi, wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa.

Wannan fasaha ta daɗe ana neman ta. Tun a shekarar 1890 wani likita a birnin Balin na ƙasar Jamus, Themistocles Gluck, ya gwada sanya wa mutum gwiwar da aka sassaƙa da hauren giwa, amma ƙwayoyin cuta suka ɓata gwajin. Salon da ake bi a yau ya samo tushe ne daga aikin John Insall da abokan aikinsa a birnin New York na Amurka a 1974. Yanzu a nan gida ma ana yin aikin, a asibitocin ƙashi na ƙasa irin na Dala da ke Kano da na Igbobi da ke Legas, da wasu asibitocin koyarwa da masu zaman kansu. Kuɗinsa dai ya kai miliyoyin naira, abin da ke sa mutum ya ƙara son kada wahalarsa ta tashi a banza.

Duk wanda ya fahimci cewa ƙashi aka yanka da zarto, ba zai yi mamakin raɗaɗin da ke biyo baya ba. A daren farko ban ji komai ba, domin allurar ba ta sake ni ba. Da ta sake ni kuwa, sai na ji kamar an ɗaure gwiwar da igiya ana ja. Duk da haka, washegari da safe wata ma'aikaciyar gashin ƙashi, wadda a asibiti ake kira fisiyo, ta shigo da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, ta ce, "Baba, yau za mu taka zuwa bakin ƙofa." Na ce mata, "'Yata, jiya fa aka yanka ni." Ta yi murmushi ta ce ai saboda haka ne. Kwanciya na jawo daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, tana raunana tsokar cinya, tana kuma bai wa gwiwa damar sandarewa. Taku shida na yi a ranar, gumi na keto mini kamar wanda ya yi noman kadada.

Makonni biyun farko su ne mafi tsanani. A nan ne maganar magani ta shigo, kuma a nan ne nake ganin muna da matsala iri biyu a ƙasar nan. Akwai masu tsoron magani mai ƙarfi, kuma tsoron nasu na da dalili. Mun ga yadda taramol ya lalata matasa a unguwanninmu, mun kuma ga yadda a 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi. Wani ɗan'uwana da ya zo dubiya ya ga sunan maganin da aka rubuta mini, sai ya ja matata gefe ya ce kada a bari in sha. Amma shan magani na 'yan kwanaki bisa ƙa'idar likita, ana rage shi sannu a hankali, daban yake da shaye-shaye. Wanda ya ƙi magani ya ce zai daure, raɗaɗi zai hana shi motsa gwiwar, gwiwar da ba a motsawa kuwa sandarewa take yi.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, waɗanda ke aika yaro kemis ya haɗo musu duk abin da aka ce yana kashe zafi. Farasitamol da ake rainawa, idan babba ya wuce giram 4 cikin awa 24, yana iya illata hanta, kuma magungunan mura da dama suna ɗauke da shi ba tare da mutum ya sani ba. Dangin ibufurofen da daikulofenak suna rage kumburi, amma suna iya tayar da gyambon ciki, su taɓa ƙoda, su ƙara hawan jini, ga shi yawancin masu sauya gwiwa dattawa ne da ke fama da irin waɗannan larurori. Magunguna masu ƙarfi kuma suna ƙulle ciki, don haka sai an yawaita ruwa da ganye da 'ya'yan itace. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne tsari: shan kowane magani a kan lokacinsa kafin zafi ya taso, da daidaita shi yadda zai fara aiki kamar minti 30 zuwa 45 kafin atisaye. Matata ta buɗe littafi kamar rajistar aji, tana rubuta lokacin kowace ƙwaya.

Bayan magani sai ƙanƙara da ɗaga ƙafa. Ana naɗe ƙanƙara cikin tawul a ɗora kan gwiwa minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a yini, ba a ɗora ta kai tsaye kan fata. Da yake wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, sai muka yi ciniki da mai sayar da ƙanƙara a bakin titi, kullum da safe jikana ya karɓo dunƙule biyu a zuba a kula. Wajen ɗaga ƙafa kuma akwai tarko. Babu abin da ya kai tura matashi ƙarƙashin gwiwa daɗi, amma likitoci sun hana, domin gwiwar za ta saba da lanƙwasa har ta kasa miƙewa. A ƙarƙashin ƙwauri da diddige ake sa matashin, ƙafa a miƙe.

Atisaye shi ne kashin bayan jinyar. Abu biyu ake nema: gwiwa ta miƙe sarai, ta kuma lanƙwasa. A makonnin farko burin shi ne ta kai digiri 90, wato yadda take idan mutum ya zauna kan kujera, daga baya a nemi 110 zuwa 120 domin hawa bene da tashi daga kujera cikin sauƙi. Dalilin gaggawar shi ne tabon cikin gwiwa yana ƙara tauri da tafiyar lokaci. Idan aka yi sakaci har wata uku ya gabato gwiwa ba ta lanƙwasa, wani lokaci sai an koma ɗakin tiyata an sa wa mutum barci an tanƙwara ta da ƙarfi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sau uku a rana nake yi: matse tsokar cinya, ɗaga ƙafa a miƙe, jan diddige zuwa baya, da motsa idon sawu sama da ƙasa. Wasu ranakun da hawaye nake gamawa, ban kuma ji kunyar jikokina ba.

Yana da kyau mai jinya ya san bambancin zafin warkewa da zafin haɗari. Kumburi da ɗumin gwiwa na iya ɗaukar watanni. Ƙarar ƙas-ƙas idan ana tafiya ƙarfe ne ke taɓa roba. Mutuwar fata a gefen waje na tabon ma sananniya ce, saboda wata siririyar jijiya da yankan ke ratsawa. Waɗannan ba abin tashin hankali ba ne. Amma idan sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya soke, to ana tsoron jini ya daskare, kuma a lokacin asibiti ake nufa ko da tsakar dare ne. Saboda wannan haɗari ne ake ba da maganin tsinka jini bayan aiki. Haka nan idan zazzaɓi ya zo, ko ciwon ya yi ja yana fitar da ruwa, ko zafin da ya fara sauka ya dawo da ƙarfi, kada a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne a tsaya shan magani a gida.

A nan ya wajaba in yi magana kan masu dubiya, Allah Ya saka musu da alheri. Kowa da maganinsa yake zuwa. Wannan ya ce a kira wanzami a yi ƙaho a fitar da mataccen jini, wancan ya ce akwai mai ɗori da ya iya murza, wata ta ce a gasa da ruwan zafi kamar mai jego. Ina girmama masu waɗannan sana'o'i, amma gwiwar ƙarfe ba hurumin su ba ce. Ƙarfe ba shi da jini da zai kai masa garkuwar jiki, don haka idan ƙwayar cuta ta shiga ta tsaga ta manne masa, fitar da ita na iya kaiwa ga ciro gwiwar gaba ɗaya. A karɓi addu'ar mai dubiya da hannu biyu, maganinsa kuwa a tambayi likita.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne sallah. Mutumin da ya shekara hamsin yana kai goshinsa ƙasa, ranar da ya tsinci kansa kan kujera yana nuni da kai, sai ya ji kamar an rage masa wani abu. Malamai sun kwantar mini da hankali cewa Shari'a ta sauƙaƙa wa mara lafiya ya yi sallah a zaune idan ya kasa tsayuwa. Likitana kuma ya gaya mini gaskiya tun farko: mutane da yawa ba sa jin daɗin durƙusawa kan sabuwar gwiwa, kuma cikakken zaman tahiya ko tsuguno ba kowa ke komawa gare su ba. Saboda haka kafin a tafi asibiti ya kamata a gyara gida. A samar da masai na zama ko kujerar bayi, a tanadi kujera mai tsayi mai hannuwa, a ɗauke tabarmi da wayoyin da za su iya harɗe ƙafa, a kuma sauko da shimfiɗa ƙasa idan ɗakin a sama yake.

Dare ma yana da nasa yaƙin. Kusan wata biyu ban yi barcin awa huɗu a jere ba. Idan gari ya yi tsit zogi yakan ƙaru, tunani ya yi yawa, mutum ya fara tambayar kansa ko da ya haƙura da tsohuwar gwiwarsa. Na gano cewa kwatanta yau da jiya ba ya nuna komai, sai dai a kwatanta wannan mako da wanda ya wuce. A mako na biyu aka cire ɗinki. A na shida na ajiye ƙarfen dogarawa na riƙe sanda. A wata na uku na taka zuwa masallacin unguwa. A wata na biyar na farka wata safiya na lura ciwon nan na gugar ƙashi, wanda ya shekara bakwai yana bina, babu shi.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ɗaya ɓangaren ba. Bincike ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar kan ci gaba da jin wani ciwo watanni bayan aikin, kuma irin waɗannan suna buƙatar a saurare su a sake duba su, ba a ce musu raki suke yi ba. A gefe guda kuma, wani nazari da masana na Jami'ar Bristol ta Ingila suka wallafa a mujallar The Lancet a 2019 ya nuna kimanin kashi 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka sauya gaba ɗaya suna kaiwa shekara 25 suna aiki. Rage ƙiba na taimaka wa wannan daɗewa, domin kowane kilo ɗaya da mutum ya rage na sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku.

Kirana ga asibitocinmu shi ne su zauna da mara lafiya da wanda zai yi jinyarsa tun kafin aiki, su yi musu bayani da harshen da suke ji, su ba su tsarin magani da na atisaye a rubuce. Ga hukumomi kuma, a samar da ma'aikatan gashin ƙashi a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, domin dattijon da aka sallama zuwa ƙauye ba zai iya zuwa birni sau biyu a mako ba. Ga iyalai, idan ana lissafin kuɗin aiki a saka na fisiyo da na mota da na magani na aƙalla wata uku, a kuma tsayar da mutum ɗaya mai haƙuri da zai tsaya kan jinyar. Likita na gama nasa cikin awa biyu, sauran aikin a gida ake yin sa.

Allah Ya bai wa marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da mafificin alheri.