Kwikwiyo da Gadu: Gaskiya da Ƙarya a Horon Karen Farauta

Da an gama girbi a ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, daji ya bushe, sai hirar karnuka ta dawo majalisar mafarauta. A nan ake raba wa sabon shiga dabarun mayar da ɗan kwikwiyo karen da zai tari gadu, aladen dajin nan da wasu ke kira gyado ko mugun dawa. Wani ya ce a zuba masa albarushi ko barkono a abinci, wani ya ce a bar shi da yunwa, wani ya ce a yanke kunnen tun yana ƙarami, yaran yanzu kuma su miƙo waya su nuna bidiyon Facebook inda karnukan Amurka suka danne ƙaton alade. Duk shawarwarin nan abu guda suke nema, wato zafin rai. Amma karen farauta da hanci da jin kira da cikar ƙashi yake aiki, zafin rai kuwa shi ke kai shi bakin ramin da ba zai dawo ba.

Sai an san gadu kafin a gane haka. Babban namiji yakan haura kilo 100, karen gida kuwa galibi bai kai kilo 25 ba. Haurensa na sama, masu lanƙwasa, su ke tsorata mai kallo, amma na ƙasa ne ke yanka, domin duk sa'ad da ya buɗe baki ya rufe suna gogar na sama suna wasa kansu. In aka koro shi sai ya ɗaga wutsiya tsaye ya zura da gudun da ya kusa kilomita 50 a awa, ya nufi tsohon ramin dabgi, ya shiga da baya, kai da haure suna kallon ƙofa. Karen da ya tsaya nesa yana haushi har maigidansa ya iso ya gama aikinsa. Wanda aka koya wa afkawa kan komai zai cusa kai cikin ramin ne, a fito da shi da tsagaggen wuya.

Maganar albarushi ƙarya ce tsagwaronta. Abin da ke cikinsa farar wuta ce da gawayi da wani gishiri mai ƙona hanji, babu ko ɗaya da ke ƙara jarumta. Kwikwiyon da ya ci zai yi amai da zawo, ya riƙa kai cizo ga duk wanda ya taɓa shi, mai shi kuma ya ɗauka magani ya kama, alhali ciwon ciki ne. Barkono ma tafiyarsu ɗaya ke nan. Batun yunwa yana da ɗan ƙamshin gaskiya, domin ba a cika wa babban kare ciki a safiyar fita, gudu da cikakken tumbi yana wahalar da shi. Kuskuren shi ne ɗaukar wannan a ɗora wa kwikwiyon da ƙashinsa ke tsiro, ya tashi da lanƙwasassun ƙafafu da halin cinye duk abin da ya kama. Malaman fiƙihu sun daɗe da yanke wannan magana. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabba ta kamo, kuma alamar horo a wurinsu ita ce in an tura kare ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Da yawansu, bisa hadisin Adiyyu ɗan Hatim, suka ƙara da cewa kada ya ci abin da ya kama. Ma'aunin nasu biyayya ce. Naman gadu dai haramun ne ko wane kare ya kamo shi, abin da ke sa manomi Musulmi ya kore shi bai wuce ɓarnar gyaɗa da rogo da dankali ba.

Yanke kunne ma rabinsa gaskiya ne. Dogon kunne yana yagewa a ƙaya, kuma wurin kamu ne a faɗa. Cewa yankan na ƙara ji ko zuciya kuwa ba haka ba ne, fatar kunnen ita ce ke tattaro sauti ta kai shi ciki. Rezar da ba a dafa ba kuma ƙuda da ruɓa take gayyatowa.

Bidiyon Amurka gaskiya ne, sai dai ba a nuna rabin labarin. Aladun Texas jikokin aladun gida ne da suka koma daji, wani jinsi ne daban da gadu. Mafarautan can sun raba aiki biyu: akwai karnukan da ke bin sawu su kewaye alade da haushi, irin su Catahoula, akwai masu kamu da ake saki daga ƙarshe, irin su Dogo Argentino da wani likita, Antonio Nores Martínez, ya fitar a Ajantina a shekarun 1920, wanda nauyinsa ke kai kilo 40. Masu kamun sanye suke da rigar kariya mai kauri a wuya da ƙirji, duk da haka ɗinki ba ya ƙare musu.

Ana iya cewa ai iyaye da kakanni da waɗannan dabarun suka yi karnukan da har yau ake yi wa kirari. An yi karnukan, babu musu. Amma a duba yadda suka tashi: kwikwiyo ya sha nonon karya har wajen mako takwas, ya saba da mutane da awaki da ƙarar ƙaho a watanni ukun farko, lokacin da zuciyarsa ta fi karɓar sabon abu, ya koyi sunansa da kiran maigida a tsakar gida. Sai a ja masa fatar zomo a ƙasa, a ɓoye ta bayan rumbu, ya bi da hanci, in ya samo a shafa kansa a ba shi ɗan ƙanzo. Haƙoransa na nono ba sa gama zubewa sai wajen wata shida zuwa bakwai, ƙashinsa ba ya ƙosawa sai ya kai shekara. A tsakanin nan yana bin tsofaffin karnuka yana ganin inda suke tsayawa. Wannan ne ya yi karen, albarushi ya karɓe yabon. Kuma kirari na wanda ya rayu ne, ba a lissafa 'yan uwansa da aka binne tun ba su yi wata biyar ba.

A gaskiya ma abin da yawancin karnukan yankin za su tarar zomo ne da gafiya da kurege da zabon daji, domin gonaki sun ci daji. Inda gadu ke yawo hankali kwance, kamar sansanin Wikki a Yankari ta jihar Bauchi, farauta laifi ce da ake kai mutum kotu a kanta.

Jita-jitar da ta fi duka haɗari ita ce wadda ke cewa kwikwiyo ba ya ɗaukar ciwon hauka, cizonsa wasa ne. Yana ɗauka, kuma karen da ke shiga daji yana cuɗanya da dila da karnukan wasu garuruwa ya fi na gida kusa da cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma in alamu suka bayyana kusan babu mai tashi. Allurar rigakafi ana yi wa kwikwiyo ita ne daga wata uku, a riƙa sabuntawa, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana sarrafa ta, malamin dabbobi kuma shi ke yi. Wanda kare ya ciza, ko kwikwiyo ne, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.