Kiwon Tarantula: Kafin Ka Bar Masu Sanyin Hali Ka Koma Kan Masu Zafi

Cikin samarin da ke kiwon tsuntsaye da kifin ado a manyan birane, akwai waɗanda suka ƙara da tarantula, wato ƙaton gizo-gizon nan mai gashi. Galibi ana farawa ne da masu sanyin hali, irin Grammostola rosea ta ƙasar Cile ko Brachypelma hamorii ta Meziko. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai mutum ya ji ya gwane, ya soma hangen masu kala da zafin nama. To, a nan ne ake bukatar natsuwa.

Masu kiwo sun raba tarantula gida biyu. Yawancin na nahiyar Amurka suna da wani gashi mai ƙaiƙayi a bayansu, in an dame su sai su karkaɗo shi, kuma dafinsu bai cika ƙarfi ba. Na Afirka da Asiya ba su da wannan gashin, don haka makaminsu gudu ne da cizo. Babu wani tabbataccen rahoto na mutuwar mutum daga cizon tarantula, amma cizon waɗannan yana kawo raɗaɗi mai tsanani da murɗewar tsoka na kwanaki, wani lokacin har makonni. Kuma babu allurar karya dafinsu, sai dai likita ya rage maka zafin.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, na yankinmu suna cikin mafi wuyar sha'ani. Heteroscodra maculata da Stromatopelma calceatum duk 'yan Afirka ta Yamma ne, a kan bishiya suke rayuwa, kuma kafin ƙiftawar ido sun haye bango. Kada araha ko kusa ta ruɗe ka. Haka ma Pterinochilus murinus mai ruwan lemo, saurin fushinta ya sa ta yi suna.

Shawara ita ce ka hau mataki-mataki. Chromatopelma cyaneopubescens ta Benezuwela tana da sauri amma da sauƙin kulawa. Daga ita sai Psalmopoeus cambridgei ta tsibirin Tirinidad, wadda za ta koya maka zama da mai gudu a kan itace. In ka iya sauya wa wannan gida ba tare da hannunka ya yi rawa ba, ka kusa.

Sauyin gidan nan shi ne lokacin da aka fi samun matsala. Ka yi shi a ɗakin da ba kaya, ka toshe ƙasan ƙofa, ka tanadi kofin roba na kifewa da dogon hantsaki. Ɗauka a hannu kuwa babu shi kwata-kwata. Ban da cizo, in ta faɗo cikinta na iya fashewa, shi ke nan. Mai hawa bishiya tana son akwati mai tsawo da ɓawon itace a jingine, mai haƙa rami kuma tana son ƙasa mai zurfi.

Zafin Legas ko Fatakwal bai dame su ba, damshi ne abin lura. In iska ba ta ratsa akwatin, sai ya yi fumfuna. Fiya-fiya da maganin sauro na feshi ko na kunnawa suna kashe su, haka ma kyankyaso ko gyaren da aka kamo inda aka yi feshi. In ka gan ta kwance rigingine, saɓa take yi, kada ka taɓa ta, kuma ka cire duk abincin da ke ciki.

Akwai kuma doka. Jinsin Brachypelma yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, an kuma saka Poecilotheria ta Indiya da Sirilanka a 2019, don haka ba a tsallaka iyaka da su sai da takarda.

Babbar tambayar dai tana gida. In a gidan haya kake, tsakar gida ɗaya da yaran maƙwabta, kuma ba ka da ɗakin da za ka kulle, ka haƙura da masu zafin nan tukuna. Macen Brachypelma tana haura shekara 20 a raye, ba inda za ta je, kai ma ba abin da ke korar ka.