Kumburin Tafin Ƙafa a Kaji da Agwagi: A Duba Ƙafar Kafin a Fasa Kafso

A gidajenmu da ake kiwon kaji da agwagi, da zarar an ga kaza tana ɗingishi, sai a aiki yaro kemis ya sayo kafso ja-da-yalo, a fasa a zuba a kaskon ruwa, a zauna jiran sauƙi. Ba kasafai ake samun wanda zai kama kazar ya birkice ƙafarta ya duba ba. Da za a duba, sau da yawa za a tarar tafin ya kumbura, yana da zafi, ga wani baƙin ɓawo a tsakiyarsa. Wannan ciwo daga ƙasar da tsuntsuwar take takawa ya samo asali, don haka a ƙafar da kuma daɓen akurki za a yi maganinsa. Kafson da aka zuba a ruwa asarar kuɗi ce kawai, wani lokaci ma har da cutarwa.

Ƙwayar cutar da ta fi haddasa shi ita ce Staphylococcus aureus, wadda dama tana zaune a fatar tsuntsaye da cikin shimfiɗar akurki ba tare da ta yi ɓarna ba, sai ta samu ƙofa. Ƙofar kuwa ƙaramin rauni ne: ƙaya, ƙusa, fasasshiyar kwalba, bakin tsohon langa-langa, ko dirowa daga sanda mai tsayi a kan siminti. Danshi ma yana buɗe ta, domin kashin kaji idan ya jiƙe yana fitar da iskar amoniya mai cin fata, shi ya sa matsalar ta fi yawa da damina. Kajin gidan gona masu nauyi sun fi kajin Hausa kamuwa, agwagwa ma tana shan wahala, saboda ƙafarta ta ruwa da laka ce, amma mun tsare ta a tsakar gida mai siminti tana yawo a kai wuni guda. Sai kuma abin da ya sa kafso ba ya kaiwa ga ciwon: mugunyar tsuntsu ba irin ta mutum ko ta akuya ba ce da take tsattsafowa. Daskarewa take yi ta zama dunƙule kamar cuku, jiki ya kewaye ta da tauri. Jini ba ya ratsa wannan dunƙule, maganin da aka sha kuwa jini ne yake kai shi inda ake bukata. Muddin dunƙulen yana ciki, ciwon yana nan.

Aikin ba shi da wuya, haƙuri yake so. A naɗe tsuntsuwar da tsumma don ta natsu, a sa ƙafar cikin ruwan ɗumi mai gishiri na minti 10 zuwa 15, a wanke da sabulu. Idan ja ne kawai da ɗan kumburi, babu ɓawo, to jiƙawa kullum da shafa aidin da ajiye ta a busasshen wuri sun isa. Idan ɓawon ya fito, a ci gaba da jiƙawa har ya yi laushi, ko da zai ɗauki kwanaki, sannan a ɗaga shi a hankali da abin da aka tafasa, a matsa gefe-gefe dunƙulen ya fito. A wanke ramin da ruwan gishiri, a sa aidin, a ɗora auduga, a naɗe da bandeji ta tsakanin yatsu ba tare da an ɗaure tamau ba. Idan yatsun suka yi sanyi ko suka kumbura, ɗaurin ya yi yawa. A riƙa canza bandejin kullum da farko, agwagwa kuma a hana ta shiga ruwa sai ramin ya rufe. Mai aikin ya sa safar hannu, ya ƙone audugar da ya cire, domin ƙwayar nan tana kama mutum, ita ce ma take kawo maruru.

Wani zai ce, kaza nawa take da za a yi mata wannan hidima, ai wuƙa ta fi sauƙi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya idan zakara ne da dama an ware shi don tukunya. To amma kazar da take ƙwai, ko agwagwar da take kwanci, jarin matar gida ce, kuma gishiri da aidin ba su kai kuɗin ƙafarta ɗaya ba. Bayan haka, yanka ba ya cire ƙusar da ta soke ta; gobe wata za ta taka. Wani kuma zai ce ya taɓa ba da kafso kazar ta warke. Mai yiwuwa ne, domin ƙaramin rauni yakan warke da kansa. Abin da ba a gani shi ne, maganin da aka zuba ba awo duk garken ne yake sha, ragowarsa tana fita a ƙwai da nama zuwa cikin yaran gida, ƙwayoyin cuta kuma suna sabawa da shi har ya daina yi wa mutane aiki. Game da baƙin mai da kananzir da wasu suke shafawa, an ɗauko su ne daga maganin wani ciwo dabam, wato ƙananan ƙwarin da suke shiga ƙarƙashin ɓawon ƙafa su sa ta yi kaushi da fari-fari. Ko a can ɗin ma basilin ko man kaɗanya sun fi, domin suna toshe wa ƙwarin numfashi ba tare da ƙona fata ba. A kan buɗaɗɗen rauni kuwa, baƙin mai guba ne.

Aikin gida yana da iyaka. Idan kumburin ya haura gwiwa, ko ƙafar tana wari, ko tsuntsuwar ta daina cin abinci, cutar ta kai ga jijiya ko ƙashi, sai likitan dabbobi, shi ne zai zaɓi maganin da ya dace ya faɗi kwanakin da za a ƙaurace wa ƙwai da nama. Kada kowa ya ɗauki reza ya yi ta yankan nama mai rai. Haka nan idan tafin lafiya lau yake amma kaji da yawa suna shanyewa ko suna murɗe wuya, wannan wata cuta ce mai yaɗuwa, a gaggauta kai rahoto. A duba yatsu ma, don zare da gashin kitso da ake zubarwa a tsakar gida suna naɗe su har su guntule.

Mai kiwo ya share ƙusoshi da kwalabe, ya zuba busasshen ɓuntun shinkafa ko garin katako a kan siminti, ya sauko da sandar kwana ƙasa da rabin mita ga kaji masu nauyi, ya ƙara ganyen zogale a dusa saboda bitamin A mai ƙarfafa fata. Sannan duk mako, da magariba idan sun shiga akurki, ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya duba tafin ƙafarsu.