Yoyo a Wuyan Akalar Jirgi: Ba Ƙarfin Sifana Ne Maganinsa Ba

A watan Nuwamban kowace shekara, ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska sukan taru a tashar Las Palmas ta tsibiran Kanari, su ɗauki hanyar Sent Lusiya, tafiyar kimanin mil 2,700 a tekun Atlantika. Tun 1986 ake wannan ayari. Kafin a tashi, idon kowa na sama, ana duba filafilai da igiyoyi. Wanda ya kwana biyu a harkar kuwa, za ka same shi ya cusa rabin jikinsa cikin wani ƙuntataccen lungu a bayan jirgi, tocila a baki, yana shafa wuyan wani ƙarfe da ɗan yatsa ko zai ji danshi.

Ƙarfen nan shi ne sandar akala. Abin da ke juya jirgi wani faffaɗan allo ne da ke nutse a ƙarƙashin bayansa, sandarsa kuma dole ta huda cikin jirgin ta haura sama, inda za ta haɗu da sitiyari. Ke nan da gangan masu ƙira suka yi rami a gindin jirgi. Suna so sanda ta juya cikin sauƙi, suna kuma so kada ruwa ya biyo ta. Duk wahalar tana tsakanin waɗannan buƙatu biyu.

Tsohuwar dabarar, wadda har yau ke cikin dubban jirage, ba ta da wuyar fahimta. Sanda tana bi ta cikin bututu. A bakin bututun akwai wani kofi na tagulla mai noti biyu, cikinsa an jera zobba na igiyar kitani mai kusurwa huɗu da aka jiƙa da kitse ko kaki. Wannan igiyar ita ce fakin. Idan aka ɗaure babban noti, sai fakin ya matse ya rungumi sanda. Ƙaramin notin kuma aikinsa ya kulle babban kada ya warware. Wanda ya taɓa ganin famfon gida na zubar da ruwa ta wuyansa, mai gyara ya ɗan murɗa notin ƙarƙashin marikin, yoyon ya tsaya, to ya ga aikin gaba ɗaya. Bambancin shi ne ruwan famfo tsakar gida yake jiƙawa, wannan kuwa cikin abin da kake tsaye a kai yake taruwa.

Kada a raina ɗigon. Ɗigo 20 ne kusan mililita ɗaya, yini kuma daƙiƙa 86,400 ne. Ɗigo ɗaya a daƙiƙa ya haura lita 4 a yini, wajen lita 130 a wata. Jirgin da aka ɗaure a tasha aka tafi gida, famfon kwashe ruwa ne kaɗai mai gadinsa, shi kuma da batir yake aiki. Ranar da batir ya mutu, gadi ya ƙare.

Akwai ruɗanin da ya kamata a kawar. Irin wannan kofi ne a kan sandar farfelar inji, kuma can ana barin ɗan ɗigo da gangan, domin sandar tana juyi ɗaruruwa a minti, tana buƙatar ruwan da zai sanyaya ta. Sandar akala ba ta zagaye ko sau ɗaya; kaiwa da komowa take yi, kimanin digiri 35 kowane ɓangare. Ba ta zafi, don haka ba ta da uzurin ɗiga.

Abin da ke ba masu jirgi ciwon kai shi ne yoyon da ke ɓuya. A jirage da yawa bakin bututun yana saman layin ruwa lokacin da jirgi ke tsaye, sai a duba a tasha a ga wuri bushe ƙarau. Da an kama gudu, bayan jirgin ya ɗan zauna, igiyar ruwan da ke biye da shi ta taso, iska kuma ta karkatar da shi gefe guda, sai ruwa ya cika bututun ya fara tsartowa. Ƙara da lodin mai tafiya mai nisa: jarkokin ruwa da na mai, batura, kayan gwangwani, yawanci duk a baya ake jibge su. Shi ya sa binciken gaskiya a kan tafiya ake yin sa. A share wurin, a barbaɗa hoda, a bar wani a sitiyari, a kwanta a zuba ido a ga inda layin danshi zai fara. A kuma ɗanɗana ruwan. In babu gishiri, ba teku ba ne. Ruwan sama ne ko tankin sha, a nemi laifin a wani wuri.

In ta tabbata wuyan akala ne, a sassauta ƙaramin noti, a ɗaure babban kaɗan kaɗan, ana yi ana murza sitiyari. Da yoyo ya tsaya a tsaya. A nan ne mutane ke ɓata aiki. Tsohon fakin da kitsensa ya wanke ya zama busasshen zare, matsi ba ya rayar da shi. Sitiyari ne zai yi nauyi, na'urar tuƙi mai sarrafa kanta ta riƙa shan wuta fiye da kima, zaren kuma ya ci gaba da goge sanda har ya yi mata zobe. Daga nan kowane sabon fakin aka sa, ta wannan zoben ruwa zai bi.

Canza fakin ba ya buƙatar injiniya, haƙuri yake so. Idan kofin yana saman ruwa, ana iya yi jirgi na kan ruwa, wasu ma sukan kwashe kaya su mai da goshi don baya ya ɗago. Idan yana ƙasa, a fitar da jirgi tudu, kada a yi kasada: rami mai faɗin santimita 2.5 a zurfin santimita 30 kacal yana shigo da sama da lita 40 a minti. Ana zaƙulo tsohon da wata siririyar ƙugiya mai murɗaɗɗen baki, a tabbata ba a bar ko zare ba. Kaurin sabon kuwa, a auna faɗin cikin kofi, a cire kaurin sanda, a raba biyu. Ba a naɗa shi kamar rawani. Zobe zobe ake yankawa, yawanci uku, a naɗa igiyar a jikin sandar a yanka da reza a karkace domin baki ya hau kan baki. Sannan a rarraba mahaɗan, kowace ta kauce wa 'yar uwarta da sulusin zagaye, kada ruwa ya sami miƙaƙƙiyar hanya. Fakin zamani ana haɗa shi da Teflon, sinadarin da Roy Plunkett ya gano a 1938, kuma ya fi kitani daɗewa. Mai haɗe da girafayit ne abin taka tsantsan, domin a ruwan gishiri yana sa ƙarfen da ke kusa da shi ya zagwanye, musamman alminiyam.

Sababbin jirage sun fi zuwa da sil na roba mai leɓe, irin na injin mota, ko kuma wata rigar roba da ake ɗaure ƙasanta a bututu, samanta a sanda, tana murɗuwa tare da akala. Waɗannan ba su san ɗauri ba. In sun tsage sai canji, canjin kuma sai an kwance duk abin da ke saman sandar.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa sil ba shi ne mai laifi ba, shaida ce kawai yake bayarwa. Idan boris ɗin da ke riƙe da sanda ya ci, kowace igiyar ruwa ta daki allon sai sandar ta yi lilo, ta murƙushe fakin ta gefe. Ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa shi ma yana da lagonsa: inda ruwan gishiri ya kwanta babu iska, kamar ƙarƙashin fakin, ƙananan ramuka yake yi, waɗanda farce ke ji kafin ido ya gani. Gwajin ba tsada. Jirgi na tudu, a kama ƙasan allon da hannu biyu a girgiza. In ya yi ƙwas ƙwas, aiki ya wuce na fakin, sai an sauke akalar, wani lokaci har da haƙa rami a ƙasa don sandar ta sami wurin fita.

Wanda ke ganin an cika kambama wannan lungu, ya dubi mashigin Jibralta. Tun 2020 dabbobin teku da ake kira orka suke bin jiragen iska a gaɓar Sifen da Fotugal da Maroko, kuma akala suke nufa. A ƙarshen Oktoban 2023 sun yi ta dukan akalar jirgin Grazie Mamma II na wani kamfanin Folan kusan minti 45. An ceci mutanen, jirgin kuwa ya nutse kusa da tashar Tanja Med. Orka ba ta cikin lissafin kowane fakin, gaskiya ne, amma ta nuna ta inda teku ke shiga idan wurin ya sami rauni.

Don haka mai jirgin da ya ɗaure notin nan sau biyu a kaka ɗaya kuma ɗigo ya dawo, ya ajiye sifana. Ya nemi ranar fitar da jirgi tudu, ya girgiza allon, ya bi sandar da farce, kafin ya sayi ko taƙi ɗaya na sabon fakin.