Wa Ya Biya Bashin Eddy?

A fim ɗin Lock, Stock and Two Smoking Barrels, wanda Guy Ritchie ya fitar a 1998, an ɗora wa wani saurayi mai suna Eddy bashin fam 500,000, aka ba shi mako guda ya biya. In wa'adi ya cika bai kawo ba, za a fara gutsure yatsu, nasa da na abokansa uku, sannan a ƙwace mashayar mahaifinsa. Fim ya ƙare babu mai bin Eddy ko sisi, yatsunsa goma suna nan, mashaya tana hannun mai ita. Amma ka tambayi wanda ya kalla, ko da ya maimaita kallon, wa ya biya kuɗin, sai ka ga ya fara sosa ƙeya. Zai tuna harbe-harbe da zage-zage da dariyar da ya sha, amma hanyar da jakar kuɗin ta bi ta ɓace masa. A ganina duk daɗin fim ɗin da duk rauninsa suna cikin wannan jaka, don haka mu bi sawunta.

Da farko, yadda aka ci bashin. Abokai huɗu ne a gabashin Landan: Eddy, Tom, Soap da Bacon. Kowa ya kawo fam 25,000, suka haɗa 100,000, domin Eddy gwanin karta ne, kuma sai da wannan adadin ake zama a teburin cacar Hatchet Harry, wani tsohon ɗan daba mai kantin kayan batsa. A cikin filin dambe aka kafa teburin. Abin da Eddy bai sani ba shi ne akwai ɓoyayyiyar kyamara a bayansa. Barry the Baptist, na hannun daman Harry, yana wani ɗaki yana kallon katin Eddy, yana aika wa maigidansa sigina ta wata 'yar na'ura da ke maƙale a ƙafarsa. Harry ya yi ta ƙara kuɗi har na Eddy suka ƙare, ya ce zai ranta masa, Eddy ya karɓa, aka buɗe kati aka cinye shi. A riƙe wannan kyamarar, za mu dawo kanta.

Wanda ake fara zargi da biyan bashin shi ne uban Eddy, JD, wanda mawaƙi Sting ya fito a matsayinsa, tunda dama mashayarsa Harry yake hari. To JD ya ƙi. Da aka je masa da maganar, kora ya yi wa ɗan aiken, ya kuma sauke wa ɗansa naushi. Mu cire shi.

Na biyu su ne abokan kansu, kuma a nan yawancin masu kallo suke tsayawa. Gaskiya ne sun yi fashi. Bangon da ya raba ɗakin Eddy da na maƙwabtansa ba shi da kauri, ta nan suka ji wani mugu mai suna Dog yana shirya wa yaransa yadda za su afka wa wasu samari 'yan boko masu noman tabar wiwi a cikin gida, waɗanda suka tara kuɗi jibgi amma ko ƙofar ƙarfensu ba sa damuwa su kulle. Abokan suka bari Dog ya yi wahalar, suka laɓe a gidansa, yana dawowa da kaya suka ƙwace. Sai dai kuɗin ba su kai hannun Harry ta hannunsu ba. Sun fita shan giyar murna, suka bar jakar a gida. Kafin su dawo, Dog ya gano maƙwabtansa ne suka yi masa aika-aika, ya shiga ɗakinsu da yaransa ya yi kwanton ɓauna.

A nan ne wani mutum na uku ya shigo, Rory Breaker, dillalin ƙwaya wanda Vas Blackwood ya fito a matsayinsa, mai tarin gashi da sanyin murya da saurin kisa. Abokan sun nemi sayar da wiwin da suka sato ta hannun wani dillali, Nick the Greek, shi kuma ya kai wa Rory talla. Ashe samarin nan masu noma Rory suke yi wa aiki. Kayansa aka sace aka dawo ana yi masa tayi. Ya matsa wa Nick ya faɗi adireshi, ya kwashi mutanensa sai ɗakin Eddy. Masu kwanto suka ɗauka abokan ne suka dawo, masu shigowa suka ɗauka abokan ne a ciki, aka buɗe wa juna wuta. Kusan kowa ya mutu, har da Rory. Dog ya sulale ta taga da jakar kuɗi da wasu bindigogi biyu, ya faɗa hannun Big Chris, mai karɓo wa Harry bashi, wanda ya zo neman Eddy. Chris ya ga mutum ya fito daga gidan da ake bi bashi da jaka a hannu, bai tsaya tambaya ba, ya buge shi ya karɓe, ya kai wa Harry.

To ga amsar farko. Kuɗin cinikin wiwin Rory ne, Dog ya yi dakonsu, Chris ya miƙa, kuma Rory da Dog ba su san bashin Eddy suke biya ba. Harry ma bai ci moriyarsu ba, domin a ranar aka kashe shi a ofishinsa, shi da Barry. A ƙarshe jakar a hannun Chris ta zauna, ya sayi mota mai tsada: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Su kuwa abokan, fam 100,000 ɗinsu ta tafi ke nan.

Amma wannan ya haifar da tambayar da ta fi ta farko wuya. Idan jaruman fim ba su biya bashin ba, ba su kashe kowa ba, ba ma sa nan lokacin da aka yi manyan faɗan biyu, sai dai su iso su tarar da gawawwaki, me ya sa mai kallo yake tashi da jin cewa ya ga labarin masu wayo? Wayon waye?

Bindigogin nan biyu za su taimaka. Tsofaffi ne na tarihi, Harry yana kwaɗayinsu, ya sa Barry ya nemo ɓarayin da za su sato su daga gidan wani basarake da ya karye. Barry ya ɗauko wasu sakarkaru biyu 'yan Liverpool, Gary da Dean, ya ce su kwashe abin da ke cikin kabad ɗin bindigogi, sauran abin da suka samu nasu ne, kuma ya ɓoye musu sunan mai aikin. Aka yi rashin sa'a waɗannan biyun ba sa cikin kabad. Ɓarayin suka ga tsofaffin ƙarafa, suka sayar wa Nick, shi kuma ya sayar wa Tom a kan fam 700 domin abokan su tsorata Dog da su. Da Barry ya tasa su Gary gaba su nemo, suka hango bindigogin a hannun Chris, suka bi shi har ofishin Harry suka kutsa don su ƙwato wa Harry kayan da ke kan teburin Harry. Abin da ya ci rayuka huɗu ke nan.

Duba kowace gaɓa ta labarin, za ka tarar da mutum guda da bai san abu guda ba. Gary da Dean ba su san wa suke yi wa aiki ba. Nick bai san darajar abin da ya saya ba. Dog bai san bango yana da kunne ba. Abokan ba su san wiwin na Rory ne ba. Mutum ɗaya ne ya san duka, shi ne wanda ke zaune gaban allo. Abin da Barry ya yi wa Harry a teburin caca shi Ritchie yake yi mana daga farko har ƙarshe: ya kafa kyamara a bayan kowa, yana nuna mana katinsa. Wayon da muke ji namu ne, aro aka ba mu. Shi ya sa dariyar takan zo tun kafin a harba bindiga, lokacin da muka ga motar Rory ta tsaya a ƙofar gidan da muka san waye a ciki.

Wannan ba ƙaramin aiki ba ne ga wanda wannan ne dogon fim ɗinsa na farko. Ƙungiyoyi kusan shida yake juyawa, kuma ba a taɓa rasa gane wa ke bin wa ba yayin da ake kallo, sai bayan an tashi. Ya kuma iya zaɓen fuska. Jason Statham, kafin ya zama Bacon mai tallar sarƙoƙin sata a bakin titi, ya taɓa yin tallar kaya a titi da gaske. Vinnie Jones, wato Big Chris, ɗan ƙwallo ne da ya ci kofin FA da Wimbledon a 1988, an san shi da keta a fili. Lenny McLean, wato Barry, tsohon ɗan damben hannu zalla ne, ya rasu a 1998 kafin fim ɗin ya fito, aka sadaukar masa da shi. Irin waɗannan mutanen ko shiru suka yi, jikinsu ya gama magana. Ga hoton da aka rina ya koma ruwan ƙasa-ƙasa kamar tsohuwar jarida, ga zance mai gudu da salon 'yan gabashin Landan, har akwai wurin da sai da aka sa fassara a ƙasan allo domin Turawan kansu.

Sai dai wanda yake ganin katin kowa ba ya jin tsoro domin kowa, kuma a nan fim ɗin ya rame. Cire laƙabi da sana'a, me ya bambanta Tom da Bacon? Soap kuku ne mai gudun rigima, shi ke nan tarihinsa. Mutane suna mutuwa rututu, ba a bar ka ka ji ko ɗaya ba, domin an gina su ne don su cika gurbi a lissafi. Labarin yadda Rory ya cinna wa wani wuta a mashaya saboda ya dame shi yana kallon ƙwallo, a matsayin barkwanci aka kawo shi. Wani jami'in cin tarar motoci da tsautsayi ya jefa cikin motar ɓarayi, kowa ya zo sai ya ɗan dake shi, mu kuma ana jiran mu yi dariya. Mata kuwa kamar an hana su shiga gari. Akwai mai raba kati, akwai Gloria, wadda take kwance a buge kusan duk fim ɗin, ta farka sau ɗaya ta ɗauki ƙatuwar bindigar yaƙi ta yi ɓarin wuta, aka buge ta ta koma ƙasa. Na yi dariya a wurin, ba zan ɓoye ba, amma ba mutum aka rubuta ba, abin mamaki aka ajiye a kan kujera.

Wurare biyu ne kawai fim ɗin yake da nauyi a ƙirji, kuma duka biyun sai da Ritchie ya daina leƙen kati ya tsaya kan fuska ɗaya. Na farko, fitowar Eddy daga wurin caca: kyamara tana manne da shi, fuskarsa a tsaye cak, duniya tana tangaɗi a bayansa. Na biyu, lokacin da Dog ya ɗora wa ƙaramin ɗan Chris wuƙa a wuya a cikin mota. Chris, wanda duk fim ɗin yake yawo da yaron yana kwaɓarsa in ya yi zagi, ya afka wa wata motar da gangan, ya jawo Dog ya yi ta maka masa ƙofar mota a ka. Ba a nuna kan ba, fuskar Chris aka nuna daga ƙasa, yana ihu. Babu abin dariya a nan. Ritchie ya iya irin wannan, zaɓa ya yi kada ya yawaita, kuma da ya zo yin Snatch a 2000 sai ya maimaita dabarar leƙen katin, da lu'ulu'u a madadin bindigogi.

Saura kati ɗaya. Bindigogin su ne kaɗai shaidar da ta rage tsakanin abokan da 'yan sanda, sai suka tura Tom ya jefa su a kogi. Bayan tafiyarsa Chris ya kawo musu jakar, babu kuɗi a ciki sai littafin farashin kayan tarihi, inda suka ga bindigogin fam 700 sun kai tsakanin 250,000 da 300,000. Suka rarumi waya. Tom kuwa ya jefa su sun maƙale a gefen gada, ya leƙa da rabin jikinsa yana miƙa hannu, wayar tana bakinsa tana ƙara, sai aka tsayar da hoto. Salon ya yi kama da ƙarshen The Italian Job na 1969, inda aka bar mota tana lilo a bakin dutse da zinariya a ciki. A nan kaɗai Ritchie ya kashe mana kyamarar Barry, muka koma ba mu fi mutanen cikin fim sani ba. Ni dai ina ganin Tom zai ɗaga wayar, domin tun farko shi ne ya ƙi rabuwa da bindigogin, kuma ɗan kasuwa irinsa ba ya jin ƙarar waya ya ƙyale.